Zangon Fatake A Sama, Sunan Marubuci A Ƙofa

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan magana. Ya zo mini hutu da kwamfutarsa a jaka, kuma tun ranar da ya sauka, da an idar da sallar isha'i sai ya shige ɗakin baƙi ya turo ƙofa. A dare na uku na leƙa in ga abin da ya fi masa hirar tsakar gida daɗi. Na tarar ya ƙura wa allo ido, gabansa baƙin sarari ne da taurari birjik, a tsakiya kuma wani ƙaton gini yana juyawa a hankali, da wata siririyar ƙofa a jikinsa kamar bakin asusu.

Na ce, "Kai kuma me ake yi a nan?"

Ya ce, "Fatauci nake yi, Kawu. Ku ɗan dakata in shige, in na yi jinkiri a bakin ƙofar nan harbe ni za su yi."

Ya daidaita juyin kumbonsa da juyin ginin, ya sulale ciki, ya nemi filin da aka ba shi lamba ya sauka. Sai kasuwa ta buɗe a allon: ga zinariya, ga hatsi, ga magunguna, ga injinan haƙar ma'adinai, kowanne da farashin saye da na sayarwa. A sama an rubuta sunan wurin, Vonarburg Co-operative. Na tambaye shi wane ne Vonarburg. Ya ɗaga kafaɗa ya ce sunan tasha ne kawai, ya fi wata shida yana sauke kaya a nan bai taɓa kawo wa ransa cewa mutum ba ne. Na ce ya ɗauko waya mu duba. Ashe mace ce, Élisabeth Vonarburg, an haife ta a Faris a 1947, ta koma Kanada da zama tun 1973, kuma da Faransanci take rubuta ƙagaggun labaran kimiyya. Ni da nake ganin na sha karatu, ban taɓa jin sunanta ba sai a wannan dare, a wajen yaron da ke neman ribar hatsi.

Wasan sunansa Elite Dangerous. Wani kamfanin Ingila da ke Kambirij, Frontier Developments, shi ya fitar da shi a Disamban 2014. Sun kwaikwayi gungun taurarin da ranarmu take ciki, wanda Turawa ke kira Milky Way, da girmansa na gaskiya, taurari wajen biliyan 400. Suka tura zamani gaba zuwa shekara ta 3300, suka ba ka ɗan ƙaramin kumbo da jarin da bai taka kara ya karya ba, suka ce je ka nemi arziki. Wanda ya taɓa jin labarin fataken Gwanja ba ya bukatar dogon bayani. Ka sari kaya inda suke da araha, ka kai inda suke da tsada, ka yi hattara da 'yan fashi a hanya, in jari ya yi kauri ka sauya jaki da raƙumi. Har haramtattun kaya akwai, har bayi ana cinikinsu a wasu kasuwannin, abin da ni dai bai kwanta mini ba ko da a wasa ne. Tashoshin nan su ne zango. Nan ake sauke kaya, a sha mai, a gyara abin da ya lalace, a ji labarin hanya.

Tashoshin dubun dubata ne, ba mai iya zama ya raɗa wa kowacce suna da hannu. Don haka masu wasan suka tara dogon jerin sunayen mutane suka miƙa wa kwamfuta, ita kuma ta riƙa ɗaukar suna tana liƙa masa kalma irin su mashiga, kasuwa, birni ko matsaya. Waɗanda aka zuba a jerin su ne suka tsayar da ni. Akwai masana kimiyya da injiniyoyi. Akwai 'yan sama jannati, kuma ba na Amurka da Rasha da kowa ya sani kaɗai ba: za ka ga Bluford Orbital, da sunan Guion Bluford, baƙar fatar Amurka na farko da ya je sararin samaniya a 1983, za ka ga Gurragchaa Gateway, da sunan ɗan Mongoliyan da ya tafi a kumbon Tarayyar Sobiyet a 1981. Sannan a sahu ɗaya da su ga marubutan almara da na ƙagaggun labaran kimiyya, mutanen da ba su taɓa ƙera ko ƙusa ba, iyakar aikinsu su zauna su shirya ƙarya mai daɗi. Akwai Effinger Port, misali. George Alec Effinger Ba'amurke ne da ya rubuta When Gravity Fails a shekarun 1980, labarin wani zamani mai zuwa da manyan ƙasashen Yamma suka wargaje, rayuwa ta koma tafasa a wani birnin Musulmi na Gabas ta Tsakiya.

A ganina babu karramawar da ta fi wannan dacewa da marubuci. Mutum-mutumin da aka kafa a dandali, tsuntsaye suka fi kowa ziyartarsa. Lambar yabo kuwa a kabad take ƙarewa. Amma sunan da aka liƙa wa wurin da dole mutane su bi wajen neman abincinsu, kullum yana bakinsu, ko sun so ko sun ƙi. Ɗan ƙanwata bai je Vonarburg don girmama adabi ba, riba ce ta kai shi. Duk da haka ya ambaci sunan matar nan ya fi a ƙirga kafin ya san ko wace ce, kuma ranar da wani ya tambaye shi, minti biyu ya ishe shi ya iske ta.

Sannan akwai bashi a wuyan masu wasan, sun kuma san da shi. Asalin wasan ya fito a 1984 da sunan Elite. Wasu ɗaliban Jami'ar Kambirij su biyu, David Braben da Ian Bell, su suka rubuta shi don wata kwamfuta mai suna BBC Micro, wadda ƙwaƙwalwarta kilobayit 32 ce kacal. Hoto guda da ke cikin wayarka yau ya ninka wannan sau da yawa. A cikin wannan ɗan ƙoƙo suka cusa gungun taurari 8, kowanne da duniyoyi 256. Dabarar ita ce ba su ajiye duniyoyin ba sam, lissafi ne ke haifar da kowacce a lokacin da ake bukatarta, har da sunanta, wanda ake harhaɗawa daga haruffa bibbiyu. Haka aka sami Lave, inda kowa ke farawa da kuɗi 100 a aljihu, da Diso, da Leesti, da Zaonce, sunayen da ba su da ma'ana a harshen kowa. Lissafin nasu ne, mafarkin kuwa aro suka yi. Braben da kansa ya ambaci littattafan su Arthur C. Clarke da Isaac Asimov da Larry Niven cikin abubuwan da suka gina masa tunani. Matsayi na biyu da ɗan wasa ke takawa a hanyarsa ta zama gwani, sunansa daga wani barkwanci na Douglas Adams aka ciro shi. Kiɗan da ke tashi idan na'ura ta karɓi tuƙi za ta shigar da kai tasha, tsohon kiɗan Johann Strauss ne, wanda Stanley Kubrick ya ɗora a kan irin wannan fitowa a fim ɗinsa na 1968, 2001: A Space Odyssey, da shi da Clarke suka tsara labarinsa. Shi ya sa ban yi mamaki ba da yaron ya nuna mini babbar tashar Leesti sunanta George Lucas, ta Zaonce kuma Ridley Scott, su biyun duk masu shirya finafinan sararin samaniya ne. Yaba kyauta tukuici.

Akwai ma marubucin da bashinsa ya fi na kowa nauyi. Kwalin wasan na 1984 ya zo da wani ɗan littafin labari a ciki, The Dark Wheel, na Robert Holdstock, wanda a wannan shekarar ce ya fitar da Mythago Wood, littafin almarar da ya ɗaukaka shi. Abin da ke kan allo a lokacin zane ne na fararen layuka a kan baƙi, ba fuska ba murya. Holdstock ne ya zuba masa jini da tsoka, ya ba matuƙa al'adu da tsoro da camfi. Cikin abin da ya ƙirƙira har da wani ɓoyayyen wuri mai suna Raxxla. Holdstock ya rasu a 2009, amma har yau akwai manyan mutane masu iyali da ke raba dare suna bin taurari ɗaya bayan ɗaya suna neman Raxxla, kuma ba wanda ya fito ya nuna ya same ta. Sama da shekara arba'in ke nan wata kalma da marubuci ya jefa cikin ɗan littafi tana hana mutane barci.

Ba duk sunayen ne kwamfuta ta zaɓa ba. Wasu da gangan aka sa su, kuma wanda ya fi taɓa ni shi ne na Terry Pratchett. Ya rasu ranar 12 ga Maris 2015 yana da shekara 66, bayan ya sha fama da wani nau'in cutar mantuwa ta Alzheimer. Shi ne mai jerin littattafan Discworld, guda 41, labarin wata duniya shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, tana zaune a kan giwaye huɗu, su kuma suna tsaye a bayan wani ƙaton kunkuru mai iyo a sarari. Wanda ya ji haka zai ce gatanan gatanan ku ce, amma in ka shiga ciki habaici ne zalla ga masu mulki da 'yan sanda da bankuna da mu 'yan jarida. Bai daɗe da rasuwa ba kamfanin ya ƙara wata tasha a wasan, ya sa mata Pratchett's Disc, wato Faifan Pratchett. A daidai wannan lokacin suka yi wa Leonard Nimoy na Star Trek irin haka, suka kafa masa tasa a gefen wata duniya mai suna Vulcan, mahaifar mutumin da ya fito a matsayinsa a fim.

Dalilin da ya sa ta Pratchett ta zauna daram yana cikin littafinsa Going Postal na 2004. A ciki akwai ma'aikatan wasu hasumiyoyin aika saƙo, waɗanda in ɗayansu ya mutu a bakin aiki sai su cusa sunansa cikin saƙonnin da ke kai-komo a layin. Sunan ba ya da inda za a kai shi, ba a kuma tsayar da shi, in ya kai ƙarshen layi sai a juyo da shi. Bayan rasuwar Pratchett masoyansa masu kula da shafukan intanet suka yi masa haka a zahiri, suka saka sunansa cikin ɓoyayyun bayanan da ke tafiya tare da shafi, inda idon mai karatu ba ya kaiwa. Mutumin da ya rubuta wannan, me za ka gina masa da ya wuce zango, inda ayari ke shiga ayari ke fita? Mu dai mun san abin da ke amfanar mamaci, kuma allon tasha ba ya ciki. Maganar masu rai nake yi, da abin da suka zaɓa su riƙa tunawa.

Akwai masu ganin duk wannan yaudarar kai ce, kuma ban raina hujjarsu ba. Kwamfutar da ke rabon sunayen makauniya ce. Babu abin da zai hana ta ɗauki sunan marubucin da ya ƙare rayuwarsa yana la'antar zalunci ta liƙa shi a kasuwar da ake cinikin bayi. Sunan mahaifi kaɗai take sakawa, ba ta ce ga littafin da ya rubuta, ba ta ma ce marubuci ne ba. Kuma tashar da ta fi kowacce suna a wasan, Hutton Orbital, ba albarkacin mai sunan ta ci ba. Tana rukunin Alpha Centauri, maƙwabcin ranarmu mafi kusa, amma daga inda kumbo ke ɓullowa zuwa bakinta tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce ta agogon gaske, kana zaune kana kallon lamba tana raguwa. Tsofaffin 'yan wasa sukan ruɗi sababbi cewa ana rabon ƙaton kumbo kyauta a can. Ɗan ƙanwata ya amsa mini, yana sosa ƙeya, cewa shi ma ya hau wannan keken ɓeran. Da ya isa abin da ya tarar shi ne kofin shayi mai tambarin tashar, shi ma sai ka sa kuɗi. Kowa a wasan ya san Hutton, don wahalarta da wannan tsokana. Haka abin yake a titunanmu. Direba nawa ne ya taɓa taka birki a Tashar Yari, kan hanyar Zariya zuwa Kano, ya tambayi wane Yari? Fasinja nawa ya sauka a Kwanar Ɗangora ya nemi tarihin sunan?

Gaskiya ne suna yakan rabu da mai shi ya koma na wuri. Amma ba ya gogewa, yana nan a rubuce yana jiran mai tambaya. An ce suna linzami ne, to wani linzamin yakan daɗe a rataye kafin a sami mai jan sa. Ko mutum ɗaya ne cikin dubu ya tsaya ya duba kamar yadda muka yi a daren nan, marubucin ya sami mai karatun da ba talla ce ta kawo shi ba, ba kuma malami ne ya tilasta masa don jarrabawa ba. Ni ina ganin rashin bayanin ma yana da amfaninsa. Da an manna dogon tarihi a ƙofar kowace tasha, da yaran sun koyi tsallake shi kamar yadda suke tsallake gabatarwar littafi.

Ƙorafi na biyu shi ne kuɗi. A ƙarshen 2012 Braben ya nemi a yi masa karo-karo a Kickstarter don gina sabon wasan, aka tara sama da fam miliyan ɗaya da rabi, kuma cikin tukuicin da aka yi wa masu ba da kaso mai tsoka har da damar raɗa wa tasha ko duniya suna. Wannan bai dame ni ba sosai. Kowane gari akwai layin mai kuɗi.

Wanda ya dame ni shi ne sa sunan mai rai. Akwai tasha a wasan mai suna Gaiman Dock. Neil Gaiman yana cikin manyan marubutan almara na zamaninmu, shi da Pratchett ma suka rubuta Good Omens tare a 1990. A 2024 wasu mata suka fito suka zarge shi da cin zarafi, shi kuma ya musanta. Ba shari'a nake yi a nan ba. Abin da nake nufi shi ne littafin mai rai bai rufe ba, wanda ya sa sunansa a ƙofa ya sa hannu ne a takardar da ba a gama rubutawa ba. Ko mutuwa ma ba kullum take raba gardama ba. Daga 1975 zuwa 2015, wanda duk ya ci World Fantasy Award, ɗaya daga manyan lambobin yabon almara, ƙaramin gunkin kan H. P. Lovecraft ake miƙa masa, mutumin da ƙyamar baƙar fata ke bayyane a rubutunsa. Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya da aka haifa a Amurka, wadda ta taɓa gina wani littafinta, The Shadow Speaker, a Nijar ta shekarar 2070, ta ci lambar a 2011, ta kuma fito fili ta faɗi yadda ta ji da ta gane wanda ta ajiye a ɗakinta. Bayan 'yan shekaru ana ja-in-ja aka sauya gunkin.

Masu raɗa suna a sararin samaniya na gaske sun daɗe da koyon wannan darasi. Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, wadda ke da alhakin sunayen ramuka da duwatsun sauran duniyoyi, ba ta sa sunan mutum sai ya yi aƙalla shekara uku da rasuwa, kuma tana guje wa sunayen da ke ɗauke da nauyin siyasa ko soja ko addini. Wasan bai bi wannan ba, a kusa da duniyarmu ma akwai tashar Abraham Lincoln da ta Gorbachev. Amma a kan girmama masu ƙagen labari, su da masana bakinsu ɗaya. A duniyar Mars akwai ramin Asimov da na Robert Heinlein. Duwatsun Titan, babban watan Saturn, sunayen duwatsun littattafan Tolkien suke ɗauke da su. Wurin da motar bincike Curiosity ta sauka a Mars a 2012, hukumar NASA ta kira shi da sunan Ray Bradbury, wanda ya rasu wata biyu kafin saukar, wurin da Perseverance ta sauka a 2021 kuma aka ba Octavia Butler, baƙar fatar Amurka. Farantin satalayit da ke kan rufin gidanka ma, inda yake kallo, wajen kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya, ana kiran wurin da sunan Clarke, don shi ya bayyana amfaninsa ga sadarwa a wata maƙala tun 1945. A duniyar Mercury kuwa, inda aka keɓe ramuka ga marubuta da masu zane da mawaƙa, akwai ramin Ahmad Baba na Tambutu, da na Olaudah Equiano, da na mai sassaƙa Ben Enwonwu. Na daɗe ina jinjina wannan: malamin Tambutu da aka kwashe zuwa Maroko a ɗaure a ƙarshen ƙarni na 16, yau sunansa na kan taswirar duniyar da ta fi kowacce kusa da rana.

Mu ma muna raɗa wa tashoshi suna. A Yulin 2020 gwamnatin tarayya ta fitar da sunayen tashoshin jirgin ƙasa na layin Legas zuwa Ibadan da na Itakpe zuwa Warri. Tashar Abeokuta aka ba Wole Soyinka, na kuma ji daɗin haka, amma ka bi jerin ka ƙirga, mafi yawansu 'yan siyasa ne, wasu ma suna kan kujera a lokacin. Chinua Achebe sai da ya shekara goma a ƙasa kafin a sa sunansa a filin jirgin saman Anambra a 2023. A ɓangarenmu jami'ar jihar Bauchi tana ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, gidan tarihin ƙasa da ke Yamai yana ɗauke da na Boubou Hama, sai dai su biyun duk sun yi siyasa, kuma ina zargin ita ce ta riƙe musu ƙofa. Alhali ba masu tashi da mu sama muka rasa ba. Tun 1934 Bello Kagara ya kai Ganɗoki ƙasar aljannu ya dawo da shi, a shekarar da Abubakar Imam ya tura Alhaji Imam neman Ruwan Bagaja. A 1969 kuwa, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya, labarin wani yaron ƙasar Hausa da wani baƙo daga wata duniya ya ɗauka a kumbo ya shiga da shi sararin samaniya. Ina so in ga ranar da yaron mota zai leƙo ta taga yana kiran, "Ruwan Bagaja, Ruwan Bagaja, saura mutum ɗaya!"

Ba na cikin masu cewa a rubuta wa Kambirij takardar koke a ce sun manta da namu. Mai zango shi ke raɗa wa zangonsa suna, su kuma waɗanda suka karanta suna yara suka saka. Ballantana duk wannan birni a kan kwamfutocin kamfani ɗaya yake zaune, wasan ba ya tafiya sai da intanet, ranar da kasuwa ta juya musu baya suka kashe na'ura, Faifan Pratchett da Vonarburg da Hutton da kofinta duk tare za su ɗauke.

Kafin yaron ya koma makaranta na tono masa tsohon kwafina na Tauraruwa Mai Wutsiya, bangonsa ya cinye, takardun sun yi ja. Ya jujjuya shi ya ce sunan ya yi masa daɗi. A wasan ana iya raɗa wa kumbo suna, duk wanda ya haska ka da na'urarsa zai gani. A gabana ya goge wani sunan Turanci da ya sa wa nasa, ya rubuta na littafin, haruffan suka shiga cif da ƙyar. Da safe ya tafi, da na shiga gyara ɗakin na tarar da littafin a kan gado.

Bayan mako biyu sai ga kiransa da daddare.

"Kawu, kun kwanta? Wani ne a wasan ya tare ni yana tambayar ma'anar sunan kumbona. Na ce masa littafi ne. Yanzu ya nace sai na gaya masa me ya faru da yaron."

Na ce, "To, gaya masa mana."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ku ɗan ba ni a taƙaice, Kawu, yana jira."

Na ce masa littafin yana nan inda ya bar shi, in mai zuwa Zariya ya samu ranar Juma'a zan ba da a kai masa.